Kafin a Kaɗa Ƙararrawar Gwanjo: Yadda Za Ka Tunkari Banki kan Gidan da Ka Jinginar Ba Tare da Kotu Ba

Wata biyu cur wasiƙar banki ta yi a saman firij a gidan wani ɗan baffana, ko ambulan ɗin ba a farke ba. Ya san abin da ke ciki, shi ya sa bai buɗe ba. Ya ci bashi ya zuba a kasuwa, ya ba da takardar gidansa jingina, kaya suka kwanta, biya ya tsaya. Sai ranar da wasu samari suka zo da gwangwanin jan fenti suka rubuta a katangarsa cewa gidan na sayarwa ne, maƙwabta na leƙe, sannan ya kira ni muryarsa na rawa. Abin da muka yi daga ranar shi zan shimfiɗa a nan, tare da abin da ya kamata a ce mun yi tun wasiƙar tana sabuwa.

Bari in faɗi abu ɗaya tun da wuri, don kada ka karanta da tsammanin abin da babu. Babu wata wasiƙa da za ka rubuta bashi ya narke. Abubuwa uku ake iya samu ba tare da zuwa kotu ba: a gyara lissafi idan an ɗora maka abin da ba naka ba, a sami lokaci, kuma idan sayarwa ta zama dole, ya kasance da hannunka a ciki. Makaminka a duka ukun shi ne takardar da ka sa wa hannu, da ƙa'idojin Babban Bankin Najeriya, wato CBN, waɗanda suka ɗaure bankin ko yana so ko ba ya so. Maganata a kan Najeriya take, musamman jihohin Arewa.

Fara da tattara takardu

Takardu huɗu kake buƙata: takardar tayin bashi, wadda ake ce wa ofa, takardar jingina kanta, cikakken bayanin asusun bashin tun daga ranar da aka zuba kuɗin, da duk wasiƙa ko saƙon waya da banki ya taɓa aiko maka. Yawancin mutane ofa kaɗai suke da ita. Takardar jinginar kuwa an miƙo musu ita ne a ofishin manaja, an nuna musu inda za su sa hannu, suka sa, aka kwashe. Idan haka naka yake, rubuta wa banki ka nemi kwafi. Ka je da wasiƙar kwafi biyu, ka ba da ɗaya, a buga maka hatimi da kwanan wata a ɗayar ka dawo da ita gida. Wannan ɗabi'ar ta kwafi biyu ka riƙe ta har ƙarshe. Abin da jami'in banki ya faɗa maka a waya ko a bakin masallaci ba ya cikin fayil, kuma gobe ana iya yi masa canjin wurin aiki.

Sannan ka je ofishin filaye na jiharka ka biya kuɗin bincike, a duba maka abin da aka yi wa rajista a kan filin. A Kano KANGIS ne, a Kaduna KADGIS, a Abuja AGIS. Abin da za ka gani a can shi zai gaya maka girman sandar da ke hannun banki.

Wace irin jingina ce?

Iri biyu ce, kuma bambancinsu babba ne. Akwai wadda kawai ka miƙa wa banki takardar shaidar mallaka, wato C of O, ya ajiye a ma'ajiyarsa, wataƙila da 'yar takardar shaidar ajiya. A wannan, banki yana da haƙƙi a kan gidan, amma a ƙa'ida ba shi da ikon sayar da shi da kansa sai ya je kotu ya samo umarni. Akwai kuma cikakkiyar jingina: an rubuta ta a matsayin daftari mai hatimi, an sami amincewar gwamna, an biya harajin hatimi, an yi rajista. Wannan ita ce ke ba banki ikon sayarwa ba tare da ya taka kotu ba. Sai dai ka lura, bankuna kan sa mutum ya sa hannu a cikakkiyar takardar tun ranar farko su ajiye, sai biya ya fara tangarɗa su ruga su kammala rajista. Wasu kuma suna haɗawa da takardar wakilci da ke ba su ikon sayarwa da sunanka. Duba ko ka sa hannu a irin wannan.

Batun amincewar gwamna yana ruɗar mutane, don haka bari in tsaya a kansa. Sashe na 22 na Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ya hana jinginar da fili mai shaidar mallakar jiha sai da amincewar gwamna, sashe na 26 kuma ya ce cinikin da ya saɓa wa dokar banza ne. A shari'ar Savannah Bank da Ajilo a 1989, Kotun Ƙoli ta rushe jingina saboda rashin wannan amincewar, kuma tun daga lokacin masu bashi suka riƙa ɗaukar wannan a matsayin laya. Amma kotuna sun yi ta rage wa layar ƙarfi. A shari'ar Awojugbagbe da Chinukwe a 1995 an ce sa hannu kafin amincewa ba ya kashe yarjejeniya, tana jira ne kawai a amince ta kammala. Alƙalai kuma ba sa son ganin mutumin da nauyin neman amincewar ke wuyansa, ya karɓi kuɗi ya kashe, sannan ya dawo yana fakewa da sakacinsa. Ko da ma jinginar ta rushe, bashin yana nan daram. To meye amfanin sanin? Amfaninsa a teburin sulhu ne. Bankin da ya san takardarsa tana da rami ya fi saurin sauraron tayi, don ya san sai ya yi shekaru a kotu kafin ya taɓa gidan.

Karanta takardar jingina da fensir a hannu

Turancinta mai kauri ne, jimla ɗaya kan cinye rabin shafi. Idan ya fi ƙarfinka, ka biya lauya kuɗin zama ɗaya ku bi ta tare. Wannan kuɗin bai kai ko kusa da na shari'a ba.

Abu na farko da za ka nema shi ne sharaɗin sanarwa. A yawancin jihohin Arewa dokar da ke aiki a kan jingina ita ce tsohuwar dokar Ingila ta 1881 kan cinikin ƙasa, wadda muka gada daga Turawan mulki. Kaduna ta yi tata dokar jingina a 2017, Legas a 2010, don haka mai gida a can sai ya duba tasu. Sashe na 20 na dokar 1881 ya ce ba za a yi amfani da ikon sayarwa ba sai ɗaya daga cikin abu uku ya faru: an ba ka sanarwar neman biya kuma wata uku sun wuce ba ka biya ba, ko kuɗin ruwa ya yi wata biyu ba a biya ba bayan lokacinsa, ko ka saɓa wani sharaɗin na daban, kamar barin inshorar gidan ta mutu. Ka ga ke nan wata ukun da mutane ke dogara da shi ba tabbas ba ne, domin ƙofa ta biyu ta fi sauƙin buɗewa. Kuma lauyoyin banki kan sa layi ɗaya a takardar da ke cewa sashe na 20 ba zai yi aiki ba, su maye gurbinsa da wa'adin wata ɗaya ko ƙasa da haka. Nemo wannan layin. Duk wa'adin da takardar ta faɗa, shi ne ya hau kan banki, tare da yadda ta ce a isar da sanarwar da adireshin da ta ambata. Idan takarda ta ce a kai gidanka amma aka aika tsohon shagon da ka bari bayan ka sanar da su a rubuce, ka sami abin riƙewa.

Na biyu, sharaɗin da ke cewa idan ka tsallake biya ɗaya ko biyu, dukan bashin ya zama abin biya nan take. Duba ko da kansa yake tashi, ko sai banki ya rubuto ya ce ya tayar da shi. Wannan zai yi tasiri a lissafin tara, kamar yadda za ka gani.

Na uku shi ne wanda ya fi cin mutanenmu: sharaɗin da ke cewa gidan yana tsaye wa duk wani kuɗi da banki ke bin mai bashin, yanzu ko nan gaba. Sau nawa aka ga mutum ya ara wa ƙanensa takardar gida don ya karɓi miliyan biyar, ƙanen ya koma ya ƙaro bashi sau biyu ba da saninsa ba? Idan kai ne ka ba da aron takarda, ka duba ko an rubuta iyakar kuɗin da ka tsaya wa, da adadin da aka biya wa harajin hatimi. Idan akwai iyaka, ka tsaya a kanta, ka kuma tambayi banki a rubuce ko an sauya sharuɗɗan bashin ba da amincewarka ba, domin sauyi mai nauyi a bayan idon wanda ya tsaya wa wani yana iya sauke masa nauyi, sai fa in takardar ta riga ta toshe wannan.

Sai sharaɗin sasanci, idan akwai, da na inshora. Idan mai bashin ya rasu, magada su tambayi batun inshorar rai tun kafin a fara maganar sayarwa. Bashin gida da yawa ana haɗa shi da ita, ana cire kuɗinta daga asusu shekara da shekaru, amma babu mai tuna wa iyali.

Lissafi: nan ne ake samun nama

Mun zauna da wani akanta dare biyu a kan bayanin asusun ɗan baffan nawa, shafi talatin da wani abu, da rula da jan biro. Aikin ba shi da daɗi, amma a nan aka sami abin magana. Ma'auninka biyu ne: ofa, da jagorar cajin bankuna ta CBN wadda ta fara aiki 1 ga Janairu 2020. Tana shafin CBN na intanet, kowa na iya saukewa. Ka yi amfani da bugun da ke aiki a lokacin da aka yi kowane caji.

Fara da kuɗin ruwa. Kusan kowace ofa tana cewa banki na iya sauya shi gwargwadon kasuwa. Amma jagorar ta ce sai an sanar da kai aƙalla kwana 10 na aiki kafin sabon farashi ya fara. A ɗauka ana binka naira miliyan 10, aka ɗaga ruwa daga kashi 22 zuwa 28 cikin ɗari. Ƙarin kashi 6 ɗin naira dubu 600 ne a shekara, dubu 50 kowane wata. Idan babu wasiƙa, babu saƙo, ka nemi su nuna maka sanarwar. In ba su da ita, ka nemi a mayar da lissafin kan tsohon farashi na tsawon wannan lokacin.

Sai tara. Jagorar ta ƙayyade ta a kan kashi 1 cikin ɗari a wata na kuɗin da lokacinsa ya yi ba a biya ba, bayan rangwamen kwana 7. A ɗauka kason wata naira dubu 250 ne, ka tsallake uku, ya zama dubu 750. Tararsa dubu 7 da ɗari 5 ce a wata. Idan ka ga an cire dubu 100, to a kan dukan miliyan 10 aka buga ta, kuma hakan ba ya tsayawa sai idan an riga an tayar da sharaɗin nan na neman dukan bashin yadda takarda ta tanada. Shi ya sa na ce ka nemo shi.

Kuɗin gudanarwa kashi 1 ne a mafi yawa, kuma sau ɗaya ake karɓarsa, ba duk shekara ba. Kuɗin sake tsara bashi bai wuce rabin kashi 1 na abin da ya rage ba. Duk wani caji mai suna baƙo wanda babu shi a ofa, babu shi a jagora, ka ja masa layi. Kada ka manta kowane cajin banza ya haifi 'ya'ya, domin an ɗora masa ruwa tun ranar da ya shiga. CBN ta wajabta a mayar da cajin da ya wuce ƙa'ida tare da ruwansa. Wa'adin kai irin wannan ƙorafi shekara 6 ne daga ranar da abin ya faru.

Idan bashinka na Asusun Gidaje na Ƙasa ne, wanda dokar 1992 ta kafa, ruwansa kashi 6 ne. Bankin jinginar gidaje na gwamnatin tarayya, wato FMBN, yana ba bankunan jingina a kashi 4, su kuma su ba ka a 6. Ganin wani adadi sama da haka a kan wannan kuɗin abin tambaya ne, sai in wani bashin ciko ne daban aka haɗa maka.

Wanda kuma ya yi hulɗa da banki marar ruwa, irin Jaiz ko TAJ, lissafinsa daban ne. A murabaha, inda banki ke sayen abu ya sayar maka da riba, farashi ɗaya ne aka yanke tun farko, ba ya ƙaruwa don an yi jinkiri, tarar jinkiri kuma ba ribar banki ba ce, sadaka ake yi da ita. A ijara, wato haya, ko musharaka mai raguwa, wato haɗin gwiwar da kake sayen kason banki a hankali, ka duba wa ke da mallakar gidan a takarda da kuma kason da ka riga ka saya. Kowane irin wannan banki yana da kwamitin malamai masu sa ido kan shari'a, kuma kana iya kai musu kuka a rubuce.

Wasiƙu biyu, kada ka gwama su

Ta farko wasiƙar ƙorafi ce. Gajeriya, babu zagi, babu roƙo. Lambar asusu, jerin cajin da kake jayayya da su da ranakunsu da adadinsu, sashen ofa ko na jagora da kowanne ya saɓa, sannan buƙata uku: a sake lissafi, a ba ka adadin da za ka biya ka fanshi gidanka, a dakatar da duk shirin sayarwa har a gama. Ka kai reshe, ka aika kwafi hedikwata, ka nemi lambar bin sawun ƙorafi.

Ta biyu wasiƙar tayin sulhu ce. A samanta ka rubuta kalmomin nan biyu na Turanci, "without prejudice". Sashe na 196 na Dokar Shaida ta 2011 ya hana a kawo abin da ke cikin irin wannan takarda, wadda aka rubuta don neman sulhu, a matsayin shaida a kotu. Ma'ana kana iya cewa zan biya kaza a cikin wata kaza ba tare da an kama ka da shi gobe ba idan sulhu ya watse. A wasiƙar da ba ta da wannan kariya kuwa, ka auna bakinka. Kada ka rubuta cewa ka amince ana binka adadin da suka faɗa alhali ba ka gama lissafi ba.

Kuma kada ka daina biya gaba ɗaya da sunan ana jayayya. Nan mutane da yawa ke faɗawa rami. Jayayya kan adadi ba ta hana banki sayarwa. Ko a kotu ma, ƙa'idar da aka saba ita ce ba a hana banki sayarwa don kawai ana musu kan lissafi, sai in mai bashi ya ajiye kuɗin da ake nema a kotu. Ka ci gaba da zuba abin da ka yarda ana binka, ko kaɗan ne, ka adana rasit.

A teburin sulhu

Ka sani banki ba ya sha'awar gidanka. Gwanjo yana cin lokaci, yana cin kuɗin lauya da na mai gwanjo, kuma a garuruwanmu mutane suna ƙyamar sayen gidan da aka fitar da iyali daga cikinsa. Kuɗi yake so. Saboda haka kada ka je da labarin wahala kaɗai, je da lamba. Abubuwan da ake nema sanannu ne: a tsawaita wa'adi kaso ya ragu, a ba da hutun wasu watanni a kan uwar kuɗi, a yafe tara, a yafe wani ɓangare na ruwa idan za ka kawo dunƙulallen kuɗi, ko a karɓi wata kadara a saki gidan zama. Tara ita ta fi sauƙin yafewa. Uwar kuɗi da wuya a taɓa ta.

Manajan reshe galibi ba shi da ikon yafe komai, kwamitin bashi ne a hedikwata ke yankewa. Idan ya ce maka "Alhaji, kawo miliyan biyu kawai, ni zan san yadda zan yi," ka gode masa, ka ce a rubuta. A dokar kwangila, biyan wani ɓangare na bashi ba ya share sauran don kawai an yi alkawarin baki. Yarjejeniyar sulhu ta zo a takardar banki, da sa hannun masu ikon sa hannu, ta faɗi adadi, ranakun biya, cewa wannan shi ne biya na ƙarshe da ya rufe komai, cewa an dakatar da sayarwa muddin kana cika alkawari, da ranar da za a dawo maka da takardunka. Ka karanta abin da zai faru idan ka makara. Yawanci duk abin da aka yafe dawowa yake yi. Don haka kada kunya ko zumuɗi su sa ka yi alkawarin abin da ba za ka iya ba. Ka nemi a sa 'yan kwanakin rangwame a kowane kaso.

Masu karɓar bashi da jan fenti

Ƙa'idojin kare masu hulɗa da bankuna da CBN ta fitar a 2019 sun hana kiranka ko zuwa wurinka don neman bashi tsakanin ƙarfe 9 na dare da 8 na safe ba da yardarka ba. Sun hana tsangwama, sun hana bin 'yan uwa da maƙwabta da maganar bashinka in ba su suka tsaya maka ba, kuma sun ɗora wa banki alhakin abin da wakilansa suka aikata. Duk wanda ya zo, ka nemi takardar da ke nuna banki ne ya turo shi, ka rubuta rana da lokaci, ka ɗauki hoton abin da ya rubuta a bango. Kada ka ba shi kuɗi a hannu, cikin asusun bashin ake zubawa. Idan aka yi maka barazana da 'yan sanda, sashe na 32 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ya hana kama mutum a kan saɓa kwangila kawai.

Abin da kuwa bankuna suke da ikon yi shi ne amfani da tsarin cire bashi daga asusu da ake kira GSI, wanda ya fara aiki a Agusta 2020. Idan ka sa hannu a kansa, ana iya bin lambar BVN a ɗebi kuɗi daga asusunka na wasu bankuna. Amma uwar kuɗi da ruwa kaɗai, ban da tara.

Idan banki ya yi kunnen ƙashi

Bayan mako biyu, ko kwana 30 a ƙorafin bashi da caji, ba a warware ba, ka kai wa sashen kare masu hulɗa na CBN, kai tsaye ko ta reshenta na jiharka. Ka haɗa da kwafin nan mai hatimi, shi ne shaidar ka fara bi ta banki. Kyauta ne. Akwai kuma ƙaramin kwamitin ɗa'a na bankuna mai ofishi a cibiyar ma'aikatan banki ta CIBN, da zauren sulhu na manyan kotuna, irin wanda ke Kano da Abuja, inda ake zama da mai shiga tsakani ba tare da shari'a ba. Ka sanar da banki a rubuce cewa magana tana gaban CBN. Hakan ba ya ɗaure masa hannu kai tsaye, amma yakan sa ya yi taka-tsantsan.

Akwai wata hanyar kuma da zan gargaɗe ka a kanta. A YouTube da zaurukan WhatsApp ana yaɗa dabarun da suka taso daga Amurka: wai sa hannunka ne ya ƙirƙiri kuɗin don haka banki bai ba ka komai ba, wai ka aika masa takarda ka ce in bai amsa cikin kwana goma ba ya yarda bashi ya faɗi, wai ka rubuta takardar alkawarin biya da hannunka ka ce ka biya. Har a can inda aka ƙirƙiro su ba su taɓa tsayawa ba. Wata kotu a Alberta ta Kanada ta bi su ɗaya bayan ɗaya ta rushe a shari'ar Meads a 2012. Shirun mutum ba ya zama amincewa da kwangilar da ka ɗora masa. A Najeriya kuma, ba da cek ɗin da babu kuɗi a bayansa laifi ne mai ɗaurin shekara 2 a ƙarƙashin dokar 1977. Abin da waɗannan takardu ke ci maka shi ne makonnin da ya kamata ka yi lissafi da sulhu a cikinsu.

Idan sayarwa ta zama dole

Muddin ba a ƙulla ciniki da mai saye ba, kana da haƙƙin fansar gidanka ta hanyar biyan abin da ake binka da kuɗin ɗawainiya. Da zarar an ƙulla, ƙofa ta rufe. Sashe na 21 na dokar 1881 yana kare wanda ya saya da zuciya ɗaya ko da banki ya yi kuskure a sanarwa, sai dai ka bi banki diyya. Ba a rushe ciniki sai an nuna zamba, haɗa baki, ko banki ya sayar wa kansa ta bayan fage. Saboda haka in ka ga an buga ranar gwanjo, a dokar masu gwanjo ta Arewa sanarwar kwana 7 ce kawai ake buƙata, to zamanin wasiƙa ya wuce, lauya za ka nema a ranar.

Kafin a kai nan, ƙa'idojin 2019 sun ba ka damar sayar da kadarar da kanka cikin kwana 30 kafin banki ya fara nasa. Wannan damar ita ɗan baffana ya yi amfani da ita, bayan lissafi ya nuna cewa ko an cire cajin banza, abin da ya rage ya fi ƙarfin kasuwarsa. Ya sha wuya kafin ya yarda, don a gidan aka haifi 'ya'yansa duka. Ya samo ƙwararren mai ƙiyasta kadara ya rubuta darajar gidan, ya aika wa banki kwafi, ya ba dillalai biyu. An rubuta yarjejeniya ta mutum uku, shi da banki da mai saye: mai saye ya zuba kason banki kai tsaye cikin asusun bashin, sauran ya shiga hannun ɗan baffan nawa. Da abin da ya rage ya sayi ƙaramin gida a bayan gari. A gwanjo, banki ba dole ne ya jira farashi mai kyau ba, abin da zai rufe bashinsa ya ishe shi. Ko da shi ya sayar, wajibi ne ya ba ka rahoton cinikin, ya cire kuɗin ɗawainiya da bashinsa, ya miƙo maka ragowar. Ka nema a rubuce, don ba kullum ake kawowa da kai ba.

Ko ta wace hanya aka rufe bashin, kada ka tsaya a kan rasit. Ka karɓi wasiƙar da ke cewa ba a binka komai, ka karɓi takardar sakin jingina da asalin C of O, ka ƙirga shafukanta a gabansu. Ka kai takardar sakin ofishin filaye a yi mata rajista, in ba haka ba sunan banki zai ci gaba da zama a kan filin har ranar da 'ya'yanka za su zo sayarwa ko rabon gado. Sannan ka nemi banki ya gyara sunanka a wurin kamfanonin da ke adana tarihin masu bashi, ka soke umarnin GSI, bayan wata ɗaya ka nemi rahotonka ka duba da idonka ko an gyara.